Gara ba iri ɗaya ba ce: yadda masana ke gano dangin garar ƙarƙashin ƙasa da inda ta fito

Damina in ta kama, kowa ya san abin da ke biyo bayan ruwan fari: shinge ya fito ya kewaye fitila, kaji su samu buki, mai gida kuma ya shiga duba gindin rumbu da azarar ɗaki ko gara ta hau. A bakinmu sunanta ɗaya, gara. In ta yi girma mu ce zago, in ta yi gini mu ce suri ko jiɓa. Masu binciken ƙwari kuwa sun ƙidaya wajen iri 3,000 a duniya, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke yi wa mutum ɓarna. Yau za mu duba yadda ake gane wace gara ce ƴar uwar wace, musamman wadda ke zaune ƙarƙashin ƙasa ba ta gina suri, da kuma abin da wannan sani ke amfana wa mai gida da manomi.

Me ya sa ido kaɗai ba ya isa?

In ka ɗaga busasshen itace ka tarar da gara, mafi yawan waɗanda za ka gani ma'aikata ne: farare, masu taushi, marasa ido. Ma'aikaciyar garar Faransa da ta Amurka da ta Japan, in aka jera su a faranti ɗaya, ko masani sai ya sha wuya kafin ya raba su. Shi ya sa tun da can masana suka fi dogara ga sojojin gidan, masu babban kai da muƙamuƙi. Sukan auna tsawon kai da faɗinsa da lanƙwasar muƙamuƙi a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. To amma girman soja yana canzawa da shekarun gidan da irin abincin da suka samu. Sai a wayi gari iri ɗaya ya samu suna biyu ko uku don an tarar da shi a ƙasashe daban-daban, ko kuma iri biyu a haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya don sun yi kama. Hausawa dai sun ce kama da wane ba ta wane.

Abin da ya kawo sauyi shi ne karanta rubutun gado da ke cikin jikin kowace halitta, wanda a Faransanci ake kira ADN. Wannan rubutu baƙaƙensa huɗu ne kacal, A da C da G da T, jere suke kamar ƴaƴan carbi, kuma ƴaƴa suna gadonsa daga iyaye. Lokaci-lokaci, wajen kwafar rubutun daga uwa zuwa ɗiya, baƙi ɗaya yakan canza, sai zuri'ar wannan ɗiya duk ta gaji canjin. Ku ɗauka kamar littafi ne da almajirai ke kwafa da hannu, wannan daga wancan. In wani ya yi tuntuɓen alƙalami a shafi na goma, duk wanda ya kwafa daga nasa zai ɗauki wannan tuntuɓe. Bayan shekaru, in ka tara littattafan ka duba waɗanda suka yi tarayya a tuntuɓe iri ɗaya, za ka iya faɗin wane ya kwafa daga wane ko da ba ka ga marubutan ba.

Aikin da kansa ba shi da wani sihiri. Ana tsinto gara kamar goma ko ashirin daga gida ɗaya, a zuba su cikin ƙaramar kwalba mai alkol, a rubuta wurin da ranar. A ɗakin bincike sai a niƙa kai ko ƙafa, a tace ADN ɗin, a sa na'ura ta ninka wani ɗan yanki nasa sau miliyoyi, wata na'urar kuma ta karanta baƙaƙen. Yankin da aka fi karantawa yana cikin wani ɓangare na ƙwayar halitta da ake kira mitokondiriya, wanda ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Na gara gaba ɗayansa baƙaƙe wajen dubu 16 ne. Daga nan kwamfuta ke jera na wannan da na waccan, ta ƙirga bambanci, ta zana bishiyar salsala. Waɗanda bambancinsu ya yi kaɗan, rabuwarsu ba ta daɗe ba. Waɗanda ya yi yawa, kakanninsu sun rabu tun da nisa.

Abin mamaki na farko: dangin kyankyaso ce

Da yawanmu muna ɗaukar gara ƴar uwar tururuwa ce, tunda duka suna da sarauniya da ma'aikata, suna zaman jama'a. Rubutun gado ya nuna ba haka ba ne. Tururuwa dangin zuma da rina ce. Gara kuwa daga cikin gidan kyankyaso ta fito. A shekarar 2007 wasu masana uku na gidan adana tarihin halittu na birnin Landan, Daegan Inward da George Beccaloni da Paul Eggleton, suka kwatanta ADN na gara da kyankyasai iri-iri, suka nuna reshen gara a tsakiyar bishiyar kyankyaso yake. Mafi kusanci da ita wani kyankyaso ne marar fiffike mai suna Cryptocercus, da ke zaune cikin ruɓaɓɓen itace a duwatsun Amurka da gabashin Asiya. Shi ma itace yake ci, yana renon ƴaƴansa, kuma a cikin hanjinsa akwai irin ƙananan halittun da ke taimaka wa wasu garar narkar da itace.

Akwai wata shaidar a arewacin Ostireliya. Wata babbar gara mai suna Mastotermes darwiniensis har yau tana zuba ƙwanta a dunƙule, jere-jere, kamar yadda kyankyaso ke yi, alhali sauran gara ɗai-ɗai suke zubawa. Lissafin masana ya nuna rabuwar gara da kyankyason itace ta kai wajen shekara miliyan 150. Ikon Allah ke nan: abin da ke gudu bayan randa da abin da ke cin darni, ashe gida ɗaya suka fito.

Garar da aka ɗauka ƴar Faransa ce

Labarin da ya fi nuna amfanin wannan bincike ya faru ne a gaɓar tekun yammacin Faransa, wajen garuruwan La Roshel da Roshfor. Tun ƙarshen ƙarni na 18 mutanen wannan yanki ke kuka da wata gara da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga gidaje, ta cinye katakon rufi da na daɓe daga ciki, ta bar bayan lafiya lau har ranar da zai rufta. A 1924 wani masani mai suna Jean Feytaud ya ba ta suna santonensis, daga sunan yankin Santonj, aka ci gaba da ɗaukarta a matsayin garar wannan ƙasa. Daga baya ta bazu har birnin Paris.

Sai dai halinta ya saɓa da na maƙwabciyarta, Reticulitermes grassei, wadda ke cikin dazuzzukan kudu maso yammacin Faransa da Sifaniya. Ita santonensis ta fi yawa a birane da tashoshin jiragen ruwa, wato inda mutane ke sauke kaya. Tun wajen 1990 masu binciken Faransa suka lura cewa maiƙon da ke bayan fatarta ya yi kama da na wata garar Amurka mai suna Reticulitermes flavipes. Da aka zo karanta ADN, sai magana ta fito fili. A 2005 wani bincike da James Austin da abokan aikinsa suka wallafa ya nuna santonensis da flavipes abu ɗaya ne. Garar da ta shekara fiye da 80 tana amsa sunan wani yanki na Faransa, baƙuwa ce daga ƙetaren teku.

Saura tambaya ta biyu: daga wane yanki na Amurka? Ƙasar da faɗi, kuma wannan gara tana ko'ina a gabashinta. Wata tawagar masanan Faransa da Amurka ta tara samfuri daga wurare da dama, ta kwatanta, a 2013 ta bayyana cewa waɗanda suka fi kusa da na Faransa su ne na jihar Luwiziyana, wajen birnin Niyu Oliyans. Nan ne tarihi ya zo ya gaskata ɗakin bincike. Faransawa ne suka kafa Niyu Oliyans a 1718, kuma a wannan ƙarni jiragen ruwa na kai da komowa tsakanin can da tashoshin La Roshel da Roshfor, ɗauke da katako da tsirrai da ƙasarsu. Ba wanda ya rubuta ranar da garar ta hau jirgi, amma jikinta ya riƙe shaidar tafiyar.

Wani abin dariya a cikin labarin: ita flavipes ɗin ma ba a Amurka aka fara ba ta suna ba. A 1837 wani masani, Vincenz Kollar, ya same ta a ɗakunan gilashi na renon tsirrai a fadar sarkin Ostiriya da ke Biyana, inda ta iso tare da tsirran da aka kawo daga waje. Yau ana samunta a Hambug ta Jamus, da Toronto ta Kanada, da ƙasar Cile. Shinge ba ya iya tashi ya ƙetare teku, tafiyarsa ba ta da nisa. Duk inda ta je, mutum ne ya kai ta.

Abin bai tsaya ga masana ba. A watan Yuni na 1999 Faransa ta yi doka a kan gara: wanda ya gan ta a gidansa wajibi ne ya sanar da ma'aikatar magajin gari, kuma a yankunan da aka ayyana tana ciki, ba a sayar da gida sai da takardar binciken gara. Ƴan uwanmu da ke zaune can, in kun taɓa ganin wannan takarda cikin takardun gida, ga asalinta.

Baƙi biyu sun haɗu a Fulorida

Akwai wani dangin garar ƙarƙashin ƙasa da ya fi wannan ɓarna, sunansa Coptotermes. Guda daga ciki, formosanus, an ba ta suna a tsibirin Taiwan a 1909, asalinta kudancin ƙasar Sin ne, kuma ta shiga kudancin Amurka ta jiragen ruwa bayan yaƙin duniya na biyu. Ta biyu, gestroi, daga kudu maso gabashin Asiya take. Ita wannan ta daɗe tana yawo da sunaye daban-daban: a Burazil da tsibiran Karibiyan ana ce mata havilandi, a Filifin ana ce mata vastator. Sake auna jikinsu da kwatanta ADN ya nuna duk gestroi ce. Kun ga amfanin abin: dabarar da aka gwada ta yi aiki a kanta a wata ƙasa, sai a san za a iya ɗaukarta a kai wata, maimakon kowa ya fara daga farko yana zaton tasa daban ce.

A kudancin jihar Fulorida waɗannan biyu suka haɗu. A 2015 Thomas Chouvenc da abokan aikinsa na jami'ar Fulorida suka ba da rahoton cewa shingensu ya fara fita a lokaci ɗaya, namijin gestroi yana bin macen formosanus, kuma gidajen da suka kafa a ɗakin bincike sun hayayyafa da sauri fiye da na iyayensu. Ruwa-biyu irin wannan, ADN ne ke tabbatar da shi, don shi ke nuna rabin gadon daga nan, rabi daga can.

To, tamu garar fa?

A nan ya kamata mu fahimci wani abu. "Garar ƙarƙashin ƙasa" yanayin zama ne, kamar a ce mazauna birni. Ba ya nufin duk dangi ɗaya ne. Waɗanda muka ambata na Faransa da Fulorida suna narkar da itace da taimakon ƙananan halittun cikin hanjinsu, irin na kyankyason nan. Mafi yawan waɗanda ke damun manominmu kuwa, wani reshe ne daban da ya bar wannan hanya ya kama noma.

E, noma. Zago mai gina suri, wanda masana ke kira Macrotermes, da Odontotermes mai lulluɓe kara da ƙasa, da ƴar ƙaramar nan Microtermes da ba ta gina komai a sama, duk suna shuka wata irin funfuna a cikin gidansu. Ma'aikata su kwaso kara da ciyawa da itace, su ci, su kasayar da shi su gina wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma. A kansa funfunar ke tsirowa ta ruɓar da shi, sannan garar ta ci. Wanda ya taɓa fasa suri ya ga wannan abu mai ɗigo-ɗigon fari. Naman kazan da ke fitowa a kan suri da damina a ƙasashen kudu, shi ne kan wannan funfuna, sunanta Termitomyces.

Duur Aanen da abokan aikinsa sun karanta ADN na garar da na funfunar duka, suka nuna a 2002 cewa sau ɗaya tak wannan noma ya fara a tarihin gara, duk masu yinsa yau zuri'ar waɗancan na farko ne. A 2005 shi da Eggleton suka ƙara nuna cewa a dazuzzukan Afirka masu yawan ruwa ya fara, daga nan ya fito fili zuwa ƙasashe irin namu, ya kuma ƙetara Asiya da Madagaska. An tono burbushin irin wannan gona a kudu maso yammacin Tanzaniya mai shekara miliyan 25. Funfunar tana son laima da ɗumi madaidaici irin na kurmi, shi ya sa garar ke rufe gidanta ruf, tana haƙa ƙasa neman danshi. A tsakiyar rani, lokacin da ƙasa ke ƙuna a Damagaram ko Tawa, cikin suri yanayin kurmin kakanninta ne.

Har yadda ake gadon irin shukar ya bambanta. Yawancinsu sabon gida sai ya fita ya tsinto irin funfunar a waje. Amma a wajen Microtermes, macen shinge ce ke tashi da iri a cikinta, kamar amarya da kayan ɗakinta. A wajen zagon da ake kira Macrotermes bellicosus kuma namijin ne ke ɗauka. Wannan na cikin dalilan da suka sa Microtermes ke saurin kafa gida a sabuwar gona. Ita ce ke shiga ta saiwar gyaɗa ta rarake ta, shuka ta yi yaushi ana zaton ƙishirwa ce. Ita da Odontotermes suna kankare bayan kwanson gyaɗa, musamman in ruwa ya ɗauke a ƙarshen damina, kuma kwanson da aka raunata ya fi saurin kamuwa da funfunar da ke haifar da gubar aflatoksin. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun yi aiki a kan wannan ɓarna.

Abin da sanin dangi ke canzawa

Ga misali ɗaya da ya shafi aljihu. A tsakiyar shekarun 1990 aka fito da wata dabara a Amurka: a binne ɗan akwati mai abincin gara da aka sa wa magani mai hana ta saɓa. Gara ba ta girma sai ta saɓe fata, kamar maciji. Ma'aikata su ci, su kai gida su ciyar da ƴan uwa baki da baki, bayan watanni gidan duka ya mutu. Dabarar ta yi aiki ƙwarai a kan Reticulitermes da Coptotermes, don ma'aikatansu suna ta saɓa muddin ransu. A kan masu noman funfuna kuwa ba ta ci sosai, saboda abincin sai ya bi ta gonar funfunar tukuna, kuma manyan ma'aikatan da ke fita kiwo yawanci sun gama saɓarsu. Don haka in ɗan uwa ya aiko da magani daga waje ya ce a can yana kashe gara ƙurmus, wataƙila gaskiya ya faɗa, sai dai garar can da ta nan ba gida ɗaya ba ne. Kafin a kashe kuɗi, a nuna wa malamin gona.

Na biyu, ba kowace gara ce abokiyar gaba ba. Manoman Adar da ke haƙa tassa sun san haka tun kafin a rubuta shi a littafi. In aka zuba taki a ramin, gara ce ke zuwa ta ci, ta huda ƙasar da ta ƙeƙashe da ramukanta, ruwan sama ya samu hanyar shiga maimakon ya gudu. Feshin da bai bambanta ba yana kashe mai gyaran ƙasa tare da mai ɓarna.

Na uku, darasin La Roshel ya shafe mu kai tsaye. Katako da tsofaffin ƙofofi da akwatunan kaya da dashen itace da ƙasarsa suna shigo mana daga tashoshin teku na kudu kullum. A duba su kafin a shigar cikin gida. In an ga hanyar ƙasa a jiki, ko katako ya yi ƙarar kogo in an ƙwanƙwasa, a ware shi a rana nesa da ɗaki, wanda ya ci sosai a ƙone shi. Kada a jingine itacen girki ko kara a jikin bango ko gindin rumbu, kuma duwatsun da aka ɗora rumbu a kai a riƙa share su ana duba ko an fara gina hanya. Masu gyaɗa kuma, in ta nuna kada a bar ta ta daɗe a busasshiyar ƙasa.

In wata gara ta bayyana a garinku wadda dattawa suka ce ba su san irinta ba, ku tsinci sojoji da ma'aikata kamar ashirin, ku zuba a kwalba mai alkol irin na asibiti, ku rubuta sunan garin da ranar da abin da kuka same ta tana ci, ku miƙa wa ma'aikatan gona na yankinku. Da irin wannan ƴar kwalba aka gano asalin garar Faransa.